Da wane mudu ake auna malami? Nazarin lamarin Carlo Croce daga Zangon Kumasi

'Yar ƙanwata tana digiri na biyu a fannin kimiyyar ƙwayoyin halitta a nan Kumasi. A ƙarshen 2024 aka ba su aiki: kowa ya zaɓi manazarci ɗaya mai binciken ciwon daji, ya rubuta irin tasirin da ya yi a ilimi. Ta zaɓi Carlo Croce, Ba'italiyen da ya yi rayuwar aikinsa a Amurka. Dalilinta mai sauƙi ne. Ta buɗe Google Scholar, shafin da ke ƙirga maƙalolin masana da yawan ambatonsu, ta tarar da lambobi masu firgitarwa: maƙaloli sama da 1,000, ambato ya wuce ƙirgen yatsu, ga wani ma'auni da ake kira h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, nasa ya haura 200. Ma'anar wannan, yana da maƙaloli fiye da 200 waɗanda kowacce an kafa hujja da ita fiye da sau 200. Mafi yawan furofesoshi har su yi ritaya ba sa kai rabin haka.

Ta cika shafi uku da jadawali, ta kawo mini gida a Aboabo don na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Muna zaune a zaure, Baba yana gefe a kan buzunsa, an tashi daga karatun bayan la'asar. Ta karanto lambobin da ɗoki. Baba ya saurara har ta kai aya, sannan ya ce:

"Amarya, to na ji yawan masu ruwaya. Wa ya tantance shi?"

"Malam, ai mujallu ne suka buga."

"Bugawa daban, tantancewa daban. Akwai maganar da ta cika bakin mutane, in ka bi sawunta ba ta da asali. Akwai kuma wadda mutum ɗaya ya riƙe shekara da shekaru, ga ta ingantacciya."

Baba bai san kimiyyar ƙwayoyin halitta ba, kuma bai taɓa da'awar ya sani ba. Ilimin hadisi ya karanta, inda ake bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya a ga wanda aka yi wa jarhi, wato aka soki amincinsa, da wanda aka yi wa ta'adili, wato aka shaida amincinsa. Tambayarsa ce ta sa muka ajiye jadawalin muka koma bin aikin mutumin daga tushe, kuma abin da muka tarar shi ne wannan rubutu.

Abin da ya gano

An haifi Croce a Milan a 1944, ya yi karatun likita a Rum, ya tafi cibiyar Wistar da ke Filadelfiya a 1970. Abu na farko da ya ɗaga sunansa ya shafe mu kai tsaye, don a kan ciwon yaranmu ne. Ciwon Burkitt sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini masu suna B. Likitan fiɗa Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958, bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi. Tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma a cikin ƙwayoyinta ne aka fara ganin bairas ɗin Epstein-Barr a 1964.

A 1982 Croce da Riccardo Dalla-Favera da abokan aikinsu suka nuna abin da ke lalacewa a ciki. Wani yanki na kuromosom na 8 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) yana ɓallewa ya manne a na 14. A kan yankin akwai ƙwayar gado mai suna MYC, wadda aikinta ta ce wa ƙwayar halitta "rabu biyu." Inda ta sauka kuwa, gefen ƙwayar gadon da ke sarrafa garkuwar jiki ne, wurin da ba a kashe wuta dare da rana. Kamar a ɗauki sankira a zaunar da shi gaban lasifikar da makunninta ya lalace. Shi ya sa ƙullutun Burkitt kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A wannan shekarar, ɗakin binciken Philip Leder a Harvard ya isa ga sakamako iri ɗaya ta tasa hanyar. Da na faɗa wa Baba haka ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ya sami shahidi."

Bayan shekara biyu, shi da Yoshihide Tsujimoto suka gano wata ƙwayar gadon a wata sankarar, suka sa mata suna BCL2. Ba su ne suka gane aikinta ba. David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams a Melbon ta Ostareliya ne suka nuna a 1988 cewa ita ba haihuwa take ƙarawa ba, mutuwa take hanawa. Kowace ƙwayar halitta tana da ajalinta, in ta tsufa ko ta lalace sai ta kashe kanta a maye gurbinta. BCL2 in ta yi yawa, tsofaffi su ƙi tafiya, gida ya cika.

Sai maganar RNA. Ga yadda nake koya wa ɗalibaina. DNA ita ce littafin malam, ba ya fita daga ɗaki. In ana buƙatar wani shafi, sai a kwafe shi a allo a fita da shi, a karanta a ƙera furotin. Allon nan shi ne RNA ɗan aike. An daɗe ana ɗauka cewa in ana son a rage wani furotin, sai dai a hana rubuta allon tun daga ɗaki. A 1993 Victor Ambros da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, suna aiki a kan wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, suka tarar da wani guntun RNA mai harafi kusan 22 kacal, ba ya ƙera komai. Ɗakin Gary Ruvkun ya nuna abin da yake yi: yana zuwa ya liƙe a jikin allon da ya dace da shi, ya hana a karanta. Daga baya aka gane sau da yawa har wanke allon ake yi. Duniya ta yi shiru da maganar, ana ganin wani abin al'ajabi ne na tsutsa kawai. Sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, ya kuma nuna yana jikin ƙuda da kifi da mutum. A 2001 ɗakuna uku suka fito da ɗimbinsu, aka raɗa musu suna microRNA. Yau an san mutum yana da sama da 1,000.

Shekara bakwai ke nan maƙalar Ambros tana kwance ba mai waiwayarta sosai. Da wani ɗalibi ya auna shi da mudun 'yar ƙanwata a 1998, da ya ce ƙaramin malami ne. Harvard ma ba ta ba shi kujerar dindindin ba, ya koma Dartmouth. A Oktoban 2024 aka sanar da cewa shi da Ruvkun sun ci kyautar Nobel.

Croce ya shigo ta wata ƙofa. Akwai sankarar jini ta manya da ake kira CLL, mai tafiyar hawainiya. An san cewa a fiye da rabin masu ita wani yanki na kuromosom na 13 ya ɓace. Hankali ya ba da cewa a wurin akwai wata ƙwayar gado mai tsare jiki daga sankara. Ɗakuna da dama suka yi shekaru suna tona, ba su sami mai ƙera furotin da za a ɗora wa laifi ba. George Calin, ɗan Romaniya da ke aiki a ɗakin Croce a jami'ar Thomas Jefferson, ya yi ta matse yankin har ya koma ɗan ƙarami, aka duba sabon jerin da aka fitar a 2001 sai ga biyu daga ciki a daidai wurin: miR-15 da miR-16. A 2002 suka buga cewa a kusan kashi 68 cikin 100 na marasa lafiyar da suka duba, waɗannan biyun sun ɓace ko sun ragu. Wannan ne karo na farko da aka haɗa microRNA da ciwon daji a jikin mutum. A 2005 suka ƙara da cewa allon da waɗannan biyun ke liƙewa, ciki har da na BCL2. Wato takunkumin da ke bakin mai hana mutuwa ne ya faɗi. Abin da ya gano a 1984 ya dawo ya haɗu da wanda ya gano a 2002.

Nan ma mun nemi shahidi. A 2010 ɗakin Dalla-Favera, wanda tuni ya kafa nasa a jami'ar Kolumbiya, ya cire wannan yanki daga jikin ɓeraye, suka kamu da ciwo mai kama da CLL. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da venetoclax, ƙwayar maganin da ke toshe BCL2. Ba Croce ya ƙera maganin ba, kamfanonin AbbVie da Genentech ne tare da cibiyar binciken Melbon inda su Vaux suka yi aikinsu. Amma in ka bi silsilar, sunansa yana can sama.

Inda aka yi masa jarhi

Da a nan labarin ya tsaya, da jadawali ya isa. A Maris 2017 jaridar New York Times ta buga dogon bincike a kan ƙorafe-ƙorafen da aka daɗe ana yi game da maƙalolin da ke fitowa daga ɗakinsa, wanda ya koma jami'ar jihar Ohayo a 2004. Yawanci maganar hotunan gwaji ce: hoto ɗaya ya bayyana a wuri biyu a matsayin gwaji biyu, ko a ga alamar an yanka an manna. Akwai kuma zargin kwafar rubutun wasu. Croce ya musanta, ya kai jaridar kotu, kotu ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2019. Ya kai ƙarar David Sanders na jami'ar Purdue, wanda ya fi kowa tono kurakuran, nan ma bai yi nasara ba. Zuwa yanzu an janye maƙaloli fiye da 10 da ke ɗauke da sunansa, an yi wa wasu da dama gyara. A 2022 mujallar Nature ta ba da rahoton cewa binciken jami'ar ya sami biyu daga ma'aikatan ɗakinsa da laifin saɓa ƙa'idar bincike, su kuma sun ƙi amincewa da hukuncin. Shi kansa ba a same shi da wannan laifin ba, amma an soki yadda yake kula da ɗakin, aka karɓe kujerar girmamawar da yake kai.

Yarinyar ta rikice. Ta ce, "Kawu, to in canja mutum ne?" Na ce a'a, yanzu ma aka fara aikin. Abin da ya ba ta haushi shi ne da ta koma ta duba, maƙalar da aka janye lambobinta na nan daram a cikin jimilla. Na'ura ba ta san janyewa ba. Wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, da wanda ya ambace ka don ya gina a kan aikinka, da kai da ka ambaci kanka, duk maki ɗaya ɗaya ne. Ga kuma al'adar manyan ɗakuna: shugaba sunansa yana ƙarshen kowace maƙala, ko ya riƙe kwalbar gwaji ko bai riƙe ba. Mutumin da ke da maƙala sama da 1,000 a shekara 50, lissafi ya nuna kusan duk mako biyu zuwa uku sai an fitar da ɗaya. Ni a ganina ba mai iya duba kowane hoto da idonsa a wannan gudu. Wanda kuwa ya karɓi yabon dubu, bai kamata ya ce goman da suka ruɓe na yara ne ba.

Baba ya fi ni sassauci, abin da ban zata ba. Ya ce a wajen malaman hadisi akwai mai gaskiya wanda haddarsa ta rikice daga baya, ko wanda magatakardansa ya cusa masa abin da ba nasa ba. Ba a zubar da ruwayarsa gaba ɗaya. Ana karɓar abin da wasu suka mara masa baya, a dakata a kan abin da ya kaɗaita da shi. Na yi ta juya wannan magana, na ga ko masanan da suka haɗu a San Faransisko a 2012 suka fitar da sanarwar a daina auna manazarci da sunan mujalla, kusan abin da suke nufi ke nan: a karanta aikin kansa.

Sai wani abu da lambobi ke ɓoyewa. Bayan 2002 an yi rububin microRNA, dubban maƙaloli, kowa da nasa guntun da ya ce yana hawa ko sauka a wata sankara, kuma da yawansu sukan buɗe da ambaton Calin da Croce. Kaso mai yawa na albarkar lambobinsa daga wannan rububi ta zo. Amma maganin sankara na farko da aka gwada a jikin mutane ta wannan hanya, MRX34, an tsayar da gwajinsa a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore, har aka rasa rayuka. Fiye da shekara 20 bayan maƙalar, ba a kai ga maganin sankara da aka amince da shi wanda shi kansa microRNA ne ba.

Yaron maƙwabta

Muna cikin wannan ne lamarin ya shigo mana har gida. Ɗan wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko da ƙosai, ɗan shekara 6, kuncinsa ya fara kumbura. Aka ce hangum ne, aka shafa abin da aka saba shafawa. Haƙori ya fara girgiɗa, aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka cire, aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kumburi bai sauka ba, ido ma ya fara turowa. Wasu suka fara zancen sammu. Mako uku aka yi a haka. 'Yar ƙanwata ce ta gan shi a bakin famfo, ta shigo jikinta na rawa, ta ce, "Kawu, wallahi irin hoton da ke cikin littafin ne." Ba likita ba ce, kuma ba ta yanke hukunci ba. Ta dai je ta durƙusa gaban uwar ta ce, "Inna, don Allah gobe da asuba mu tafi Ji." Haka mutanen Kumasi ke kiran asibitin koyarwa na Komfo Anokye, da sunan kamfanin da ya gina shi.

Aka ɗebi nama aka duba, Burkitt ne. Aka fara ƙarin ruwa na magani, cikin kwanaki kumburin ya soma narkewa kamar man shanu a rana, don saurin da ciwon ke yi shi ne kuma rauninsa. A ƙasashe masu hali, yara 9 cikin 10 suna warkewa. A nan abin da ke kashe su galibi jinkiri ne da yanke magani a tsakiya. Tun ƙarshen 2021 gwamnati ta sanar da sa sankarar yara guda huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa, har da wannan. Ya taimaka ƙwarai. Amma inshora ba ta biyan kuɗin mota, ba ta kuma soya ƙosai ranar da uwa ke kwance a gefen gado. Matan layinmu ne suka riƙa karɓa-karɓa a kan kaskonta.

Yarinyar ta kwafo sunayen magungunan da ake sa masa ta kawo. Cyclophosphamide, vincristine, methotrexate. Na ce ta duba shekarunsu. Duk sun girmi binciken MYC. Burkitt da kansa ya yi amfani da irinsu a Kampala a shekarun 1960. Abin da aka gano a 1982 ya zama ginshiƙin yadda duniya ke tantance ciwon, kuma a 2005 wasu ɗakunan sun nuna MYC ɗin ma tana kunna wani gungun microRNA mai suna miR-17-92 da ke ƙara wa sankarar wuta, shekara ɗaya bayan an gano bairas ɗin Epstein-Barr yana ƙera nasa microRNA. Ilimi ya yi zurfi sosai. Har yau dai ba a amince da wani maganin da ke kama MYC kai tsaye ba. Abin da ya shiga jijiyar yaron nan tsohon magani ne, da hannun nas, da idon ɗalibar da ta taɓa ganin hoto.

Ba ina rage wa Croce daraja ba ne da wannan. Hoton da ta gani, a cikin karatun aikinsa ta gan shi. Sai dai lamarin ya sa ta tambayi abin da ba ta tambaya ba da farko: yadda ake ba da wannan magani ga yaran Gana, wa ya koya mana? Nan ta ci karo da Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban ƙasa na farko, likitan yara da ya jagoranci aikin Burkitt a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Akra a shekarun 1970, daga baya ya shugabanci cibiyar binciken likitanci ta Noguchi a Legon. A 1976 ya buga nazarin marasa lafiya 110 da aka bi sawunsu a Akra. In aka ɗora lambobinsa kusa da na Croce, ba za a ma gan su ba. Ta zauna tana kallon jadawalin biyu, ta ce, "Kawu, ban san inda zan sa shi ba."

Akwai wanda ya fi shi ɓacewa. A 1963 a Ibadan aka ɗebi ƙwayoyin ciwon Burkitt na wani yaro ɗan shekara 11, suka ci gaba da rayuwa a kwalba. Ana kiran su Raji. Har gobe ana sayar da su, ana noma su a ɗakunan bincike daga Amurka zuwa Japan, maƙalolin da aka gina a kansu dubbai ne. Ba ya cikin jerin marubuta ko ɗaya.

Abin da ta miƙa

Ta sake rubutun daga farko. Jadawalin lambobi ya koma shafin ƙarshe, tare da layi biyu da ke bayyana cewa jimillar ta haɗa da maƙalolin da aka janye. A gaba ta ɗauki bincike uku kawai, na 1982 da na 1984 da na 2002, kowanne ta bi shi: wane ɗaki ne daban ya maimaita ya samu, me aka gina a kai, ya kai ga gadon asibiti ko bai kai ba. Ta ba maganar janyewa shafi guda, ta kawo abin da aka tabbatar da abin da aka wanke shi a kai, ba ta ƙara gishiri ba. Na so ta fi haka zafi a wannan shafin, ta ƙi, ta ce ba ta ga fayilolin da idonta ba. Mun rabu a kan haka, kowa da ra'ayinsa.

Malaminta ya mayar mata da tambaya ɗaya a gefen takarda, ko sakin layin da ta yi a kan Nkrumah da yaron Ibadan yana cikin abin da aka tambaye ta. Ta bar shi yadda yake.

Yaron maƙwabta ya gama zagayen maganinsa, gashinsa ya fara tsirowa, ana kai shi dubawa a ranakun da aka rubuta musu a kati. Ya dawo makarantar allo a zauren Baba, da giɓi a inda aka cire haƙorin banza. Ranar da ya dawo, bayan an shafa fatiha, Baba ya kira 'yar ƙanwata ya ce:

"Amarya, yaron can na Ibadan, me kika ce sunansa?"

Ta faɗa masa. Ya maimaita sau biyu, ya ɗauko alƙalami ya rubuta da ajami a bangon littafinsa, a ƙasan sunayen da yake ambata bayan sallar asuba.